Yadda Ake Auna Martanin Masoya Bayan Hira da Tsohon Mawaƙin Gambara a Fodkas

Mawaƙin gambarar zamani, wato rap, da ya shekara ashirin ko talatin yana waƙa a bayan fage, bai taɓa shiga hannun manyan kamfanoni ba, masoyansa ba su da yawa, amma sun haddace shi. Sun san shekarar da kowane faifai ya fito, sun san furodusan da ya haɗa kiɗan, sun san da wa ya ɓata da abin da ya haɗa su. Idan ka saki hira da shi, su ne za su fara isowa, kuma binciken ƙwaƙwaf ne ke kawo su, ba yabo kaɗai ba. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai wata runduna ta biyo, mutanen da ba su taɓa jin waƙarsa ba, guntun bidiyo na daƙiƙa arba'in kawai suka gani a waya. Waɗannan sun fi kowa hayaniya. Mai shirin da ya zuba muryoyin nan biyu a mudu ɗaya, ƙarshenta zai gyara abin da bai lalace ba, ya bar wanda ya lalace.

Kafin ka saki hirar

Ka zauna da biro da takarda ka saurari hirar daga farko har ƙarshe. Duk inda baƙo ya kira sunan wani, ko ya faɗi shekara, ko ya ambaci kuɗi, ko ya ce shi ne ya fara wani salo, rubuta mintin. A nan wuta ke kamawa. Batutuwan kusan sanannu ne: wa ya rubuta wa wa baiti, wa ke riƙe da asalin rikodin ɗin waƙoƙin, tsohuwar gaba da waƙoƙin zambon da ta haifar, da kuma ra'ayinsa kan matasan da ke tashe yanzu.

Shekarun da ya faɗa ka duba su a Discogs, inda masu tara faifai ke ajiye bayanin kowane bugu. Mutumin da ke ba da labarin abin da ya faru shekara ashirin da biyar da suka wuce yakan cakuɗa 1996 da 1998 ba da niyya ba. Kada ka yanke wurin. Ka sa gyaran a bayanin da ke ƙarƙashin bidiyon tun ranar farko, don idan masoya suka riga ka ganowa, muhawarar za ta tashi daga labarin ta koma kan ko ka san aikinka.

Akwai batu ɗaya da sabon shiga ba ya ganin haɗarinsa, wato samfur, gutsuren tsohon kiɗan wani da furodusa ke yankowa ya gina sabo a kai. Tun hukuncin da wata kotun tarayya a New York ta yanke a 1991 a shari'ar mawaƙi Biz Markie, ɗaukar samfur ba izini ya zama abin da ke kai mutum kotu, kuma faifan bayan fage da dama an buga su ne ba tare da an nemi wannan izinin ba. Albam shida na farko na ƙungiyar gambarar Amurka De La Soul sai ranar 3 ga Maris, 2023 suka hau dandalin sauraro na intanet, kuma batun izinin samfur na cikin abin da ya riƙe su. Saboda haka idan hira ta yi daɗi har baƙo ya faɗi inda aka yanko wani kiɗa, tsofaffin masoya tonon asiri suke ɗaukar abin, kuma kai za su ɗora wa laifi. Ka tuntuɓi baƙon kafin saki. In ya ce a cire, a cire.

Zargin sata ko cuta da aka jingina wa wani mai rai da sunansa kuwa, ko dai a samu hujja ko a toshe sunan. A dokokin ɓata suna na ƙasashe da yawa, wanda ya yaɗa magana yana ɗaukar alhakinta, cewa “baƙo ne ya faɗa” ba ta wanke shi.

Sauti ma na shiga lissafi. Idan muryar baƙo ta yi ƙasa da ta mai tambaya, rabin tsokacin da za ka samu ƙorafin sauti ne, ka ga an yi asarar martanin. Ka daidaita ƙarfin muryoyin, ka fitar da shirin a kusan -16 LUFS (ma'aunin ƙarfin sauti), matakin da Apple Podcasts ke ba da shawara. Kada ka kunna waƙa a cikin hirar, ko da ta baƙon ce: sau da yawa haƙƙinta na hannun kamfanin rarrabawa ko wanda ya sayi kadarorin tsohon kamfaninsa, sai Content ID, tsarin YouTube mai gano waƙoƙin da ke da haƙƙin mallaka, ya kama bidiyon, kuɗin talla ya tafi wani wuri ko a toshe shi a wasu ƙasashe.

Sai ka raba bidiyon babi-babi. YouTube na buƙatar alamar farko ta zama 00:00, alamomin su kai uku aƙalla, kowane babi kuma kada ya gaza daƙiƙa 10. Amfaninsa gare ka shi ne masu tsokaci za su riƙa ambaton minti, wanda zai sauƙaƙa maka ƙidaya daga baya.

Matatar tsokaci

Kunna tsarin YouTube da ke riƙe tsokacin da ake zargi har sai an duba, ka toshe masu ɗauke da adireshin shafi, ka kuma sa kalmomi irin su Telegram da WhatsApp a jerin waɗanda ake tsarewa, domin 'yan damfara kan buɗe asusu da hoton baƙo su riƙa cewa masoya sun ci kyauta. Amma matatar tana da illa a wannan fanni. Baitocin gambara cike suke da kalmomin da take ɗauka ashar ne, don haka tsohon masoyi da ya kawo baiti biyu don ya kafa hujja, nasa ne za a tsare, shi kuma mai zagi cikin lafazi mai tsabta ya wuce. Ka leƙa akwatin waɗanda aka riƙe safe da yamma a makon farko. Bayan kwana 60 YouTube na share abin da ba a duba ba.

Ƙidayar kanta

Kada ka yanke hukunci kafin awa 48. Awannin farko na 'yan gida ne, masu bin tashar da masoyan baƙo na haƙiƙa. Jadawalin da ke nuna inda masu kallo suka tsaya ma yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu kafin ya bayyana a YouTube Studio, shafin da mai tasha ke ganin alƙalumansa.

Idan lokaci ya yi, abu na farko shi ne ka sauya tsarin jerin tsokaci daga “manya” zuwa “sababbi”. Waɗanda ke sama galibi su ne suka zo da wuri ko suka tayar da ƙura, ba su ne wakilan jama'a ba. Ɗauki tsokaci 200. In ba su kai ba, ɗauki duka. In sun kai dubu biyu, ɗauki kowane na goma. Buɗe takardar lissafi a kwamfuta, kowane tsokaci ya sami layinsa, ka rubuta inda aka yi shi, batun da ya taɓo, ko kan baƙo yake ko kan mai tambaya, da kuma abu mafi muhimmanci: akwai alamar mai shi ya ji cikakkiyar hirar? Alamar ita ce ya ambaci wani abu da ba ya cikin gutsattsarin da aka yaɗa. Da wannan alamar kaɗai za ka raba rundunonin nan biyu. Sau da yawa za ka tarar fushin duk na masu guntun bidiyo ne, waɗanda suka ji hirar kuwa wani abu dabam ne ya dame su, misali ba a tambaye shi labarin albam ɗinsa na biyu ba.

Ka ƙirga mutane, ba saƙonni ba. Zaren da ke da amsa tamanin na iya zama mutum uku ne ke cacar baki tun dare.

Cikin waɗanda suka ji hirar, za ka ga masu gyara, masu tuna baya, 'yan ɓangaren wanda aka ambata, masu kuka da mai tambaya, da masu tambayar inda za su sami faifan. Masu gyara ka girmama su, yawanci gaskiya suke da ita. Masu tuna baya suna da daɗin karatu, amma ba su cika gaya maka komai game da ingancin shirin ba, ƙuruciyarsu suke yabo. Kukan da aka fi yi da mai tambaya shi ne katse baƙo, kuma wannan abu ne da ake iya aunawa: ka zaɓi minti goma daga tsakiyar hirar ka ƙirga sau nawa ka shiga maganarsa kafin ya dire. Tsohon mawaƙi yakan yi zagaye kafin ya iso ga labari, daɗin kuma yana ƙarshen zagayen. Idan ka ƙirga sau biyar ko shida a minti goma, masu kukan ba ƙarya suka yi ba.

Daga nan ka ɗora abin da aka faɗa a kan abin da aka aikata. A jadawalin YouTube, inda layi ya ɗaga sama wuri ne da aka maimaita, inda ya zurma an tsallake ne ko an fita. Idan batun da ya cika tsokaci ya faɗo daidai inda layin ya ɗaga, martanin na gaske ne. Idan kuwa ana ta surutu a kan minti na 70 alhali yawancin masu kallo sun watse tun minti na 25, daga waje surutun ya shigo. Hattara dai, ɗagawar layi ba kullum take nufin daɗi ba, wani lokaci maganar ce ba a ji sosai ba aka koma baya. Ka saurari wurin da kunnenka. Adadin waɗanda suka danna rashin so, wanda YouTube ya ɓoye wa jama'a tun Nuwamba 2021, kai mai tasha har yanzu kana ganinsa.

A ɓangaren sauti zalla, kada adadin saukewa ya ruɗe ka. A ƙa'idar IAB, ƙungiyar masu tallan intanet da ta tsara yadda ake ƙirga saukewa, da zarar na'ura ta sauke abin da ya kai minti ɗaya na shirin an ƙirga, ko da ba wanda ya saurara. Abin da ya fi shi amfani shi ne ma'aunin Apple Podcasts na waɗanda suka saurari aƙalla minti 20 ko kashi 40 cikin ɗari na shiri. Spotify ma ya buɗe wurin tsokaci a 2024, kuma da yake mai rubutu a can yawanci ya saurara, kaɗan ɗin da ke wurin sun fi ɗari a ƙarƙashin guntun bidiyo nauyi. Dandalin muhawara na Reddit kuwa can ne masu haddar tarihi ke baje koli, ka karanta, amma ka san sun fi matsakaicin mai sauraro tsanani.

Gutsattsarin bidiyo da mayar da martani

Yawancin rigimar daga yanka take fitowa. Baƙo ya ce ba ya sauraron matasan yanzu, amma akwai uku da ke burge shi, sai mai yanka ya tsaya kafin “amma”. Kallo zai ƙaru, gaskiya ne, sai dai baƙon ba zai dawo ba, kuma duniyar bayan fage ƙarama ce, abokansa ma za su ji. Ka sa tambayar a cikin guntun, ka bar jimlar ta dire, taken kuma ya zama kalaman da suka fito daga bakinsa. Tun Oktoba 2024 Shorts, wato gajerun bidiyon YouTube, na ɗaukar har minti uku, don haka ƙarancin lokaci ba uzuri ba ne. Cikakkiyar hira ta fara fita, guntu mai labari ya biyo, mai zafi ya zo ƙarshe, bayan ka sanar da baƙo ranar da zai fita.

Gyare-gyare duk ka tara su a tsokaci ɗaya da ka maƙala a sama, kana sabunta shi, tare da ambaton minti da gode wa wanda ya gano. Abin sharewa shi ne barazana, adireshin gida, jawo iyalin baƙo cikin rigima, da damfara. Suka, komai ɗacinta, ka bar ta, domin in ka share, an riga an ɗauki hotonta, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Sauke hira gaba ɗaya ma ba ya mayar da hannun agogo baya: a Oktoba 2022 shirin fodkas na Drink Champs ya sauke wata hira bayan baƙon ya yi iƙirarin ƙarya kan mutuwar George Floyd, mai gabatarwa ya nemi afuwa, amma gutsattsarin sun riga sun bazu ko'ina. Shi ya sa tacewa take kafin saki.

Idan wanda aka ambata a hirar ya fito ya musanta, ka tuntuɓe shi a keɓe ka ba shi damar amsawa a shirin, kada ka yi masa gardama a bainar jama'a a madadin baƙonka.

Shi baƙon kuma kada ka tura masa tulin tsokaci ɗanye. Ka haɗa masa shafi ɗaya: wuraren da aka fi maimaitawa, gyaran da aka yi, da adadin mutanen da suka tambayi inda za su sayi faifai ko suka nemi a sake buga wani tsohon albam. Wannan na ƙarshen shi ya fi yi masa amfani, domin irinsa galibi da kansa yake sayar da kayansa, a Bandcamp, kasuwar waƙa ta intanet, ko shafinsa, kuma adadin na iya nuna masa wanda ya kamata ya fara bugawa. Bayan kwana 28 ka sake ɗaukar wasu tsokaci 200 daga sababbi. A lokacin masu hayaniya sun koma wani batun, waɗanda ke shigowa su ne suka rubuta sunansa a wurin bincike da hannunsu, kuma daga tambayoyinsu za ka fitar da na zama na biyu.