Darasi na 6: Harsashin Ginin Katako

A Kano akan yi shago, rumfa ko ɗakin ajiya da katako. Katako ba shi da nauyi kamar bulo, shi ya sa wasu ke kafa shi a ƙasa kai tsaye. Wannan kuskure ne. Gara tana fitowa daga ƙasa, damshi ma haka. Katakon da ya taɓa ƙasa ba ya daɗewa, ko da mafi tsada ka sayo a 'Yan Katako na Na'ibawa.

Kafin ka ɗauki diga, ka binciki filin. Wurare da yawa a cikin birni tsofaffin kududdufai ne da aka cike da shara. Irin wannan ƙasa tana lotsawa idan ruwan Agusta ya sauka. Tambayi dattawan unguwa, sun san tarihin kowane fili. Idan gini ne na dindindin, nemi izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano.

Share wurin, ka cire saiwoyi da guntayen itace, domin su ne abincin gara. Kafa turaku, ka ja igiya. Don kusurwa ta daidaita, auna ƙafa 3 a igiya ɗaya, ƙafa 4 a ɗayar. Tsakaninsu ya zama ƙafa 5 cif. In bai kai ba, ko ya wuce, matsar da turke ka sake awo.

Haƙa rami a kowace kusurwa da duk inda ginshiƙi zai tsaya. Kada ka tsaya a baƙar ƙasar sama, ci gaba har ka tarar da ƙasa mai tauri.

Yanzu sai kwaɓin kankare, kuma a nan ne ake yawan cutar mai gini. Buhun siminti kilo 50 ne, yana cika kwanon sarki 2. Ka haɗa shi da yashi kwano 4 da tsakuwa kwano 8. Yashin ya zama mai tsabta, ba mai laka ba. Lebura zai so ya ƙara ruwa don shebur ya yi masa sauƙi. Ka hana shi da lalama, ruwa mai yawa yana raunana kankare. Kafa akwatin filanki a kan kowane rami, ka zuba kankaren har ya ɗago daga ƙasa kamar ƙafa 1. Yi amfani da tiyon ruwa na awon daidaito ka ga duk akwatunan sun yi kai ɗaya. Tun kankaren yana ɗanye, dasa ƙarfen da za a ɗaure katako da shi, saboda iskar farkon damina tana ɗaga ginin da ba a ɗaure ba.

Yayyafa ruwa safe da yamma har kwana 7. Sannan kafinta ya shafa wa katako maganin gara, ya shimfiɗa leda mai kauri tsakaninsa da kankare, ya ɗaure da noti.

Aiki: Kana da buhun siminti 3. Yashi kwano nawa za ka nema? Tsakuwa fa? Rubuta amsa a littafinka.