Yadda Ake Zanen Bango Kan Yaƙin da Ke Tafiya Yana Dawowa

Mai zanen da ke zaune a Kuseri, garin Kamaru da kogi ya raba shi da Injamena babban birnin Cadi, ba ya bukatar zuwa nesa neman abin da zai zana game da yaƙi, domin kogin da ke gabansa ya ishe shi. A nan aka kashe Rabe, mayaƙin da ya ci Borno da yaƙi, a 1900, a faɗan da kwamandan Faransa Lami shi ma ya rasa ransa. A 1980 da kuma Fabrairun 2008 mutanen Injamena sun tsallako suna gudun harsashi, a Disambar 2021 kuwa, da rikicin Larabawan Shuwa da Musgun ya iso garin, namu na Kuseri ne suka tsallaka zuwa Cadi. Wannan kai da komowar ce ya kamata ta fito a bangon.

Kafin ka taɓa bango, ka nemi izinin mai shi da na bulaman unguwa, kuma ka nuna musu zanen a takarda. Ka zauna da dattawan da suka ga gudun da idonsu, ka tambaye su abin da suka ɗauka a hannu ranar da suka bar gida. Wata za ta ambaci tukunya, wani tabarma ko allon ɗansa, kuma waɗannan kayan su ne za su ɗauki nauyin labarin, musamman da yake da yawa cikinmu ba sa son a zana mai rai. Sawun ƙafa a laka da kwale-kwalen da ya yi lodi har ya kusa nitsewa sun fi gawa tsayar da mai wucewa.

Ka yi aikin bayan damina, da sassafe. Ka kankare bangon, ka shafa masa farar ƙasa, ka bar shi ya bushe. Ka daka gawayi ka tankaɗe, ka yi haka da jar ƙasa, sannan ka kwaɓa kowanne da ruwan ƙaron da ya kwana a jiƙe domin launin ya kama. Irin wannan launi ruwan sama yana wanke shi, don haka a bangon siminti gara fenti. Kada ka yawaita launuka. Pikaso, mai zane ɗan Sifen, ya zana Gernika, shahararren zanensa kan yaƙi, a 1937 da baƙi da fari da ruwan toka kaɗai.

Tsarin shi ne wurin da za ka fi daɗewa. Ka ja kogin a tsakiya tun daga farkon bangon har ƙarshensa, ka sa sawu suna tafiya gaɓar can a wani yanki, a yanki na gaba suna dawowa, tukunyar nan ɗaya tana bin su kowane karo da sabon tsagu a jikinta. Yankin ƙarshe ya yi kama da na farko, yadda mai kallo zai rasa inda aka fara. A ganina babban kuskure shi ne sanya tufafi ko tsagen fuska da ke nuna wata ƙabila, domin daga nan bangon ya zama tuhuma, kuma yaran da ke wucewa kullum za su koyi wanda za su ƙi.

Shekarun kuma ka rubuta su ƙanana a ƙasan kowane yanki, da boko da ajami.