Yadda Ake Kafa Ajin Koyar da Yaran Firamare Kodin da Haɗa Mutum-mutumi

Makarantu da yawa idan suka ƙudiri aniyar koya wa yara kodin, wato rubuta wa kwamfuta umarni, da haɗa mutum-mutumi, da sayayya suke farawa. Sai a kashe kuɗi mai kauri a kan akwatin kayan haɗi, a ɗauki hotuna ranar da aka buɗe shi, daga nan kuma a kulle shi a ofishin hedimasta don gudun kada yara su lalata. Alhali abin da yaro ɗan shekara bakwai zuwa goma sha ɗaya yake buƙata tun farko shi ne ya iya jera umarni ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya tsallake ko guda ba, kuma idan abin bai tafi daidai ba ya koma ya gano inda ya yi tuntuɓe. Wannan ba ya buƙatar wutar lantarki, don haka da shi ya kamata a buɗe ajin, a bar sayen kaya sai an ga kamun ludayin yaran.

A makonni biyu ko uku na farko, malami ya fitar da yara tsakar makaranta, ya zana gidaje a ƙasa da alli ko toka, biyar a tsaye biyar a kwance, kowane gida ya ishi yaro tsayawa. A ajiye kwano a gida ɗaya, a ɗora duwatsu a kan gidaje uku a matsayin shinge. Yaro ɗaya ya zama mutum-mutumi, wanda bai san komai ba sai umarni uku: taka gaba, juya dama, juya hagu. Sauran su rubuta umarnin gaba ɗaya a takarda kafin ya motsa, kuma da zarar an fara karantawa babu damar gyara. Abin da zai faru sananne ne: za a ce masa ya juya dama, masu umarnin suna zaton juyawar ta haɗa da taku, shi kuwa zai juya ya tsaya cak a inda yake, umarni na gaba kuma ya kai shi kan dutse. Za a yi dariya, amma kada malami ya faɗi amsa. Ya sa su sake karanta takardar layi-layi, wani yana bin ta da yatsa, har su kama layin da ya ɓata tafiyar. Irin wannan koyarwa ba tare da kwamfuta ba tana da tushe, domin Tim Bell da abokan aikinsa sun tattara darussa irinta a shirin CS Unplugged na Jami'ar Canterbury da ke ƙasar Niyu Zilan, kuma kyauta suke ga duk malamin da yake so.

A nan ne kuma za a shigo da maimaitawa da sharaɗi. Idan yara suka gaji da rubuta taka gaba sau huɗu a jere, ɗaya daga cikinsu zai tambaya ko zai iya rubuta sau huɗu kawai a gefe, kuma wannan tambayar ita ce darasin maimaitawa. Sharaɗi kuwa sun riga sun san shi daga gida, tunda kowane yaro an taɓa aikensa da cewa idan babu manja ya sayo man gyaɗa.

Bayan haka sai a koma kan kwamfuta, kuma manhajar da ta fi dacewa ita ce Scratch, wadda rukunin Mitchel Resnick na jami'ar MIT da ke Amurka ya fitar a 2007 domin yara masu shekara 8 zuwa 16. Kyauta ce, kuma akwai nau'inta da ake saukewa sau ɗaya a ci gaba da aiki ba tare da intanet ba, wanda shi ne ya dace da yawancin makarantunmu. Yaro ba ya rubuta komai da yawa, yana jawo tubalan umarni ne masu launi yana harhaɗa su: shuɗi na motsi ne, rawaya na fara aiki, ruwan lemo na maimaitawa da sharaɗi. Ana iya sauya harshen tubalan zuwa Faransanci ko Larabci, abin da zai sauƙaƙa wa malamin Maraɗi ko Damagaram. Ga ƙanana 'yan shekara 5 zuwa 7 akwai ScratchJr, wadda ta fito a 2014, tubalanta hotuna ne don haka ko wanda bai iya karatu ba zai yi amfani da ita.

Darasin da na fi so a wannan mataki shi ne zanen siffofi. A kunna alƙalamin manhajar, a sa hoton kyanwar da ke kan allo, wadda ita ce ke bin umarnin tubalan, ta yi taku 100, ta juya digiri 90, a maimaita sau huɗu, sai ga murabba'i ya fito. Daga nan malami ya ce a zana mai kusurwa uku. Yaran aji biyar da shida da suka haddace cewa kowace kusurwa digiri 60 ce za su sa 60, sai kyanwar ta zana rabin siffa mai gefe shida ta tsaya, bakin zanen a buɗe. A bar su su yi ta gwada lambobi. Wanda ya maƙale, a tashe shi ya taka siffar da ƙafarsa a ƙasa, zai ji a jikinsa cewa juyawar da yake yi a kowace kwana ta fi ta murabba'i kaifi, har ya kai ga 120. Idan aka tambaye su me ya haɗa 90 sau huɗu da 120 sau uku, sai 360 ta bayyana, kuma daga ranar za su iya zana kowace siffa da kansu. Wannan dabara ta girmi Scratch, domin ta samo asali ne daga harshen Logo da Seymour Papert da abokan aikinsa suka ƙirƙira a 1967, inda yara suke ba wani abu mai yin zane da ake kira kunkuru umarni.

Game da yawan kwamfutoci, ba sai kowane yaro ya sami tasa ba. Yara biyu a kan kwamfuta ɗaya sun fi yaro ɗaya amfana, muddin ɗaya yana riƙe da linzami ɗayan yana faɗin abin da za a yi, kuma ana musanya duk bayan minti goma. Malami ya riƙe wannan doka da agogo a hannu, domin idan aka bar abin ga yara, mai ƙarfin baki ne zai mamaye linzamin, kuma sau da yawa 'yan mata ne suke komawa 'yan kallo. Kwamfutocin tafi-da-gidanka sun fi na tebur dacewa, tunda ana iya cajinsu tun da dare ko da sola, darasi ba zai watse ba don an ɗauke wuta. Minti arba'in zuwa sa'a ɗaya ya isa, fiye da haka hankalinsu ya tafi wani wuri.

Sai a zango na biyu ne kayan haɗi za su shigo, kuma shawarata ita ce a fara da micro:bit, ɗan ƙaramin allon lantarki da bai kai tafin hannun yaro ba, wanda BBC ta raba wa ɗalibai kusan miliyan ɗaya a Birtaniya a 2016. Yana da ƙananan fitilu 25 da aka jera biyar-biyar, da maɓallai biyu, da abin da ke jin motsi da zafi, kuma ƙananan batura biyu ne suke tafiyar da shi. Sabon samfurinsa na 2020 yana da lasifika da makirfo. Ana ba shi umarni da tubala a manhajar MakeCode ta kamfanin Microsoft, inda akwai hoton allon da ke gwada aikin tun kafin a tura shi, don haka guda biyar za su ishi aji mai yara ashirin idan ana bi da bi. A fara da sa suna ya gudana a kan fitilun, sannan a yi ma'aunin taku da za a ɗaura wa yaro a ƙafa ya zaga fili. Arduino, wani allon lantarki makamancinsa wanda aka fara a garin Ivrea na Italiya a 2005, yana da araha kuma yana da ƙarfi, sai dai wayoyinsa da yawa ne, ya fi dacewa da 'yan sakandare.

Motar da ke tuƙa kanta ita ce abin da yaran suke jira, kuma a nan suna da gado, tunda yaran da suka saba ƙera motar kara da ta gwangwani ba sa buƙatar a koya musu yin gangar jiki da kwali da marafan gora. Abin da malami zai kula da shi shi ne kada a haɗa injinan taya kai tsaye da micro:bit, saboda wutar da yake bayarwa ba ta isa ba kuma yana iya lalacewa; dole a sa allon da ke tuƙa injinan a tsakani, da nasa batir daban. A gwajin farko motar za ta karkace gefe guda ko da an ba tayoyin biyu gudu iri ɗaya, domin da wuya a sami injina biyu da ƙarfinsu ya zo daidai, kuma gyaran wannan ta hanyar rage lambar ɓangare ɗaya aikin yara ne. Idan za ta bi baƙin layi a kan farin kwali, a yi gwajin nesa da taga, saboda idonta yana aiki ne da hasken da baƙi ke shanyewa fari ke mayarwa, hasken rana kuma yana rikita shi.

Babu yaron da zai taɓa wayar wutar gida ko ƙarfen walda na lantarki, wannan aikin malami ne. Batura masu faɗin kwabo a nisanta su da ajin gaba ɗaya, domin haɗiye su yana ƙona maƙogwaro cikin 'yan sa'o'i. Kowane rukuni a ba shi robar ajiya mai murfi da lamba, da takardar lissafin abin da ke ciki a manne a jikin murfin, a ware minti biyar na ƙarshe don ƙirga kaya da cire batura. A lokacin hunturu a rufe kwamfutocin da ƙyalle bayan an tashi, kuma a koya wa yara su riƙa kama allon lantarki ta gefensa, ba ta fuskar da ƙananan kayan suke ba.