Yadda ake saita hoton talabijin ɗin filasma ya daina baje fuskokin mutane

Kana kallon labarai, mai gabatarwar da ka san siriri ne sai ga shi ya yi kumatu, kansa ya baje kamar an danne shi da tafin hannu. Ko ana buga wasa, ƙwallo ta koma kamar ƙwai, sakamakon da ke rubuce a kusurwa kuma rabinsa ya shige gefe. Galibi talabijin ɗin lafiyarsa lau. Abin da ake turo masa ne bai zo daidai da yadda aka ƙera allonsa ba, kuma da rimot kaɗai za ka iya gyarawa.

Kamfanin Panasonic ya rufe harkar filasma, wato wani nau'in talabijin mai shafaffen allo, a watan Maris na 2014, Samsung da LG suka bi sahu a ƙarshen shekarar. Ke nan duk wanda ke gabanka tsohon hannu ne, an yi shi a lokacin da kowane kamfani ke bin tsarinsa. Shi ya sa matakin farko ya fi sauran nauyi.

Mataki na farko: san yawan ɗigon allonka na ainihi. Hoton talabijin haɗin ƙananan ɗigon haske ne, kuma adadinsu a filasma ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Duba bayan akwatin, ka kwafi lambar samfurin, ka nemi bayaninsa a intanet ko a littafin da ya zo da shi. Mafi yawa za ka tarar da ɗaya daga cikin huɗu: 852x480 a tsofaffin inci 42, ko 1024x768, ko 1366x768 wanda ya fi yawa a inci 50, ko kuma 1920x1080. Lambar farko ɗigon faɗi ce, ta biyu na tsayi. Na 1920x1080 yana da ɗigo sama da miliyan biyu, na 852x480 kuwa dubu ɗari huɗu ne da 'yan kai.

Kada tambarin HD Ready da ke manne a gaba ya ruɗe ka. Ma'anarsa allon yana da aƙalla layi 720, wato ɗigo 720 a tsayi, kuma yana karɓar sigina mai kaifi. Karɓa daban, nunawa daban. Talabijin na iya amsar 1080 sannan ya matse shi zuwa abin da yake da shi.

A nan sai mu ɗan tsaya a kan 1024x768, domin shi ne ya fi rikita mutane. Idan ka raba 1024 da 768 za ka samu fasalin 4:3, wato faɗi huɗu tsayi uku, irin na tsohon talabijin mai ƙeya. To amma allon da ke gabanka mai faɗi ne, 16:9. Ta yaya haka ta yiwu? Ɗigon ne ba murabba'i ba. Kowane ɗaya faɗinsa ya ɗara tsayinsa da kashi ɗaya cikin uku. Matso kusa da allon yayin da yake nuna farin hoto, za ka ga 'yan ƙananan akwatuna a kwance, kowanne da ja da kore da shuɗi. Wasu samfuran Hitachi da Fujitsu ma 1024x1024 suke da shi a kan allo mai faɗi. Ba ha'inci ba ne, dabarar ƙira ce, kuma a kallon fim da wuya ido ya kama bambancin. Sai an jona kwamfuta asiri yake tonuwa.

Mataki na biyu: gyara abin da ke turo hoton kafin ka taɓa talabijin. Shiga saitin dikoda ko na'urar DVD ko ta wasan gem, ka sanar da ita cewa allonka 16:9 ne. Da yawa an bar su a kan 4:3 tun ranar da aka jona su. Daga nan ka zaɓi kaifin da za ta riƙa fitarwa, wanda za ka ga an rubuta da yawan layi da harafin p ko i a ƙarshe. Mai 1920x1080 ya zaɓi 1080p idan akwai, in babu 1080i. Mai layi 768 ya gwada 720p da 1080i ya ga wanda ya fi masa. Ni dai 720p nake fara gwadawa, musamman ga wasanni masu saurin motsi. Kuma in da hali a yi amfani da wayar HDMI, don wayar nan mai kan ruwan ɗorawa ba ta wuce layi 480 ko 576 komai kyan allon.

Mataki na uku: ɗauki rimot ka nemi maɓallin fasalin hoto. Sunansa ya danganta da kamfani, wani Aspect, wani P.Size, wani Ratio. Ka'idar ba ta da wahala. Shirin da aka ɗauka a 16:9 a sa masa 16:9. Tsohon shiri na 4:3 a sa masa 4:3, ya zauna a tsakiya da fili a dama da hagu. A allon 1920x1080, hoton zai ci ɗigo 1440, ya bar 240 a kowane gefe. Fim ɗin sinima mai fasalin 2.39:1 kuma dole ya bar baƙin layi sama da ƙasa, domin layi wajen 800 kawai yake cikawa cikin 1080. Haka aka shirya shi. In ka danna Zoom don kawar da baƙin, gefen fim ɗin kake yankewa, har wani lokaci ka ji murya ba ka ga mai magana ba.

Akwai wani zaɓi da ke barin tsakiya daidai ya miƙe gefe-gefe, Panasonic na kiransa Just. A hira ta zaune yana ɗan wucewa, amma da kyamara ta fara juyawa sai ka ga mutum ya yi ƙiba ya rame a tsakanin taku uku. Ban ga abin so a cikinsa ba.

Mataki na huɗu: kashe yankan gefe. Talabijin kan ɗan zuƙo hoto ya yar da bakin-bakinsa, gadon zamanin mai ƙeya ne. Shi ke cinye rubutun da ke gudu a ƙasan labarai. A LG ka nemi Just Scan, a Samsung Screen Fit, a Pioneer Dot by Dot, a Panasonic kuma ka kashe Overscan. Yana yiwuwa zaɓin ya ƙi fitowa sai sigina ta kai 720 ko 1080.

Mataki na biyar na mai jona kwamfuta ne. In allonka 1024x768 ne, kada ka zaɓi wannan lambar a kwamfuta duk da ta yi kama da daidai, don kwamfuta ɗigo murabba'i ta sani, komai zai baje. Tura 1280x720 ka bar talabijin ya daidaita. Mai 1366x768 ya gwada 1360x768, wanda mashigar VGA ta fi karɓa. Gwajin kuwa ɗaya ne: buɗe hoton da'ira, ka auna faɗinta da tsayinta da ma'auni. In sun zo ɗaya, ka gama.

Saura tsoron da ke sa mutane miƙe hoto tun farko, wato tabon allo. Tsoron yana da tushe. Sinadarin da ke ba da haske a filasma yana tsufa gwargwadon aikin da ya yi, saboda haka in tsakiya na aiki kullum gefe na hutawa, wata rana za ka ga shati. Maganinsa a mai da baƙin gefe ya zama ruwan toka, zaɓin na nan a saitin yawancinsu. A kunna abin da ke ɗan gusar da hoto lokaci-lokaci, Samsung na ce masa Pixel Shift, wasu kuma Orbiter. A rage ƙarfin haske, a riƙa cakuɗa kallo da shirin da ke cika allo. In ka ga inuwar tambarin tasha bayan ka sauya, sa shiri mai motsi da ya cika allon na 'yan sa'o'i, yawanci inuwar kan gushe da kanta.