Yadda ake tantance haɗakar bincike kafin a amince da sakamakonta

Haɗakar bincike, wadda masana ke kira meta-analisis tun da Gene Glass ya raɗa mata suna a 1976, hanya ce ta tattara gwaje-gwaje da dama da aka yi kan magani ɗaya, a fitar da adadi guda daga cikinsu. Likitoci suna ba ta daraja, kuma suna da hujja, sai dai duk wanda ya tsallake kai tsaye zuwa siffar lu'ulu'un da ke ƙasan zanen sakamako, wadda ke nuna adadin da aka haɗa, bai san da me aka gina wannan adadin ba.

Ka fara da tambayar abin da bai shigo ba. Gwajin da ya nuna magani yana aiki yakan samu shiga mujalla da wuri, wanda kuwa bai nuna komai ba yakan kwana a aljihun tebur. A 2008 Erick Turner da abokan aikinsa suka bi diddigin gwaje-gwaje 74 na magungunan ciwon damuwa da aka yi wa rajista a FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka. Daga cikin 38 da hukumar ta ce sun yi nasara, an wallafa 37. Daga cikin ragowar 36 kuwa, 22 ba su taɓa fitowa ba, 11 kuma an rubuta su kamar sun yi nasara. Mai karanta mujallu zai ga kashi 94 cikin ɗari na nasara, alhali a takardun hukumar kashi 51 ne. Saboda haka ka duba ko marubutan sun leƙa rajistocin gwaji da takardun hukumomi, ko kuwa a mujallu suka tsaya.

Daga nan sai ka nemi zanen mazurari, inda kowane ɗigo ke wakiltar gwaji ɗaya. Manyan gwaje-gwaje sukan taru a sama kusa da juna, ƙanana kuma su bazu a ƙasa hagu da dama, kamar mazurari a kife. Idan ka ga ɓangare ɗaya na ƙasan babu ɗigo, to akwai alamar ƙananan gwaje-gwajen da suka gaza sun ɓace, ko da yake wasu dalilai ma suna kawo wannan karkata, kuma idan gwaje-gwajen ba su kai 10 ba zanen ba abin dogaro ba ne. Labarin sinadarin magnesiyam ya isa darasi: haɗakar ƙananan gwaje-gwaje ta nuna yana rage mutuwa sosai bayan bugun zuciya, sai gwajin ISIS-4 na 1995, mai majinyata fiye da 58,000, ya zo bai ga wani amfani ba.

Matakin da na fi ba muhimmanci, wanda kuma mutane suka fi ƙyuyar yi, shi ne ka buɗe biyu ko uku daga cikin gwaje-gwajen na asali, ka kwatanta alƙalumansu da waɗanda aka kwafa. Wani kuskure da ake yawan yi shi ne a ɗauki SE a matsayin SD. SD yana auna yadda majinyata suka bambanta da juna, SE kuwa yana auna rashin tabbas ɗin matsakaicin adadi, kuma a rukunin mutum 100 ya gaza SD sau 10. Idan aka musanya su, tasirin magani na iya kumbura ninki 10, ko gwajin ya sami nauyin da bai cancanta ba. Alamarsa a zanen sakamako ita ce ƙaramin gwaji wanda layinsa na rashin tabbas ya fi na manya gajarta, ko wanda ya yi nisa can gefe shi kaɗai. Ka kuma lura da gwaji ɗaya da aka wallafa sau biyu da sunayen marubuta daban, domin ƙirga majinyata sau biyu yana ƙara wa sakamako ƙarfin da ba shi da shi.

Wake ɗaya shi ke ɓata gari. A lokacin annobar korona, wani babban gwaji daga Masar ya ja haɗakar bincike da dama zuwa cewa maganin ivermectin yana rage mutuwa, sai aka janye shi a Yulin 2021 bayan an gano matsaloli a bayanansa, kuma da aka cire shi amfanin ya ragu ƙwarai. Don haka ka duba ko marubutan sun sake lissafi suna cire gwaji ɗaya bayan ɗaya, da kuma abin da ya rage idan aka bar masu inganci kaɗai.

Adadin I² yana nuna yawan saɓanin da ke tsakanin gwaje-gwajen. Idan ya kai kashi 75, ka nemi bayanin dalili, ko na shekarun majinyata ne, ko na yawan magani, ko na tsawon bibiya. Sannan ka nemi tsarin aikin a PROSPERO, rajistar da masu irin wannan bincike ke shigar da tsarinsu tun farko, wadda aka buɗe a 2011, ka gani ko abin da suka ce za su auna tun farko shi ne suka kawo rahotonsa, ko kuwa sun sauya shi bayan sun ga alƙaluma.