Yadda ake bin sawun masanin kimiyya: mu gwada da Robert Edwards

Ɗalibaina na fannin aikin sassan jiki, idan aka ba ku rubutu a kan wani masani, kada ku fara da kyautar da ya ci. Ku fara da takardun bincikensa. Ku shiga PubMed, rumbun takardun binciken lafiya a intanet, ku rubuta sunansa, ku jera takardun daga mafi tsufa zuwa na baya-bayan nan, sannan ku ɗauki biro da littafi. Ni da Robert Edwards nake koyar da wannan, Baturen Ingila da aikinsa ya kai ga haɗa ƙwan mace da maniyyi a wajen jiki, abin da aka sani da IVF.

Abin da za ku fara nema shi ne tambayar da ta dame shi tun yana matashi. Edwards da ɓeraye ya soma, a Edinburgh, inda ya kammala digirin digirgir a 1955. A 1957 shi da Ruth Fowler, wadda ya aura, suka nuna cewa allurar homon na sa manyan ɓeraye mata su saki ƙwai da yawa a lokacin da mai bincike ya so. Ku ja layi a ƙarƙashin wannan, domin a kan wannan dabara asibitocin haihuwa suke tafiya har yau.

Daga nan sai ku kula da inda ya saɓa wa magabatansa. Gregory Pincus, wani masani Ba'amurke, ya ce ƙwan mace na nuna cikin awa 12 a wajen jiki. Edwards ya bi wannan lissafi, abu ya ƙi. Da ya ƙara haƙuri ya gano cewa sai kimanin awa 37, ya buga sakamakon a 1965. A nan ake gane mai bincike na gaske.

Wurin da nake so ku daɗe shi ne shekarun wahala, daga 1969 zuwa 1978, kuma shi ne ɗalibai suka fi tsallakewa. A 1969 mujallar Nature ta buga rahoton Edwards da abokan aikinsa na haɗuwar ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji. A 1971 hukumar da ke ba da kuɗin binciken lafiya a Birtaniya ta ƙi tallafa musu. Sai ga matsalar homon: alluran da ke sa ƙwai su yi yawa suna gajarta kwanakin da mahaifa ke shirin karɓar ciki, har jinin al'ada ya zo kafin ɗan tayi ya kama. Maganin da suka bayar don gyara hakan, shi ma daga baya aka gane yana hana cikin zama. Cikin farko da suka samu, a bututun mahaifa ya tsaya maimakon a mahaifar kanta. A ƙarshe suka ajiye alluran, suka koma auna homon LH, wanda ke ƙaruwa gab da sakin ƙwai, a fitsarin mace dare da rana, don su ɗauki ƙwai guda ɗaya a daidai lokacin da ya nuna. Ta haka aka haifi Louise Brown, jaririyar IVF ta farko a duniya, a garin Oldham na Ingila, ranar 25 ga Yuli, 1978. Wanda ya fahimci dalilin wannan sauyi ya fahimci zagayen al'adar mace fiye da wanda ya haddace zane a allo.

Ku karanta sunayen da ke jere da nasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Patrick Steptoe ne likitan da ke ciro ƙwai da na'urar leƙa ciki. Jean Purdy, ma'aikaciyar jinya, ita ke kula da 'yan tayin a ɗakin gwaji, kuma da aka bar sunanta a allon tunawa a Oldham, Edwards da kansa ya rubuta wasiƙar ƙorafi. Ta rasu a 1985, Steptoe a 1988. Kyautar Nobel ba a ba mamaci, Edwards kuwa sai a 2010 ya same ta. Ina jin zafin wannan duk lokacin da na koyar da shi, kuma ba na karɓar rubutun da babu sunan Purdy a ciki.

Tasiri kuma a wurin almajirai ake auna shi. Google Scholar zai nuna muku waɗanda suka kafa hujja da kowace takarda, amma yawan lamba kaɗai ba ya isa. Ku bi mutane. Edwards da Steptoe da Purdy sun buɗe asibitin Bourn Hall kusa da Cambridge a 1980. Dakta Ibrahim Wada ya yi aiki a can, ya dawo gida, kuma a asibitinsa na Nisa da ke Abuja aka haifi jaririya ta hanyar IVF a 1998. Ku nemo sunansa a PubMed tare da na likitocin Bourn Hall, ku kawo mini takarda ɗaya da kuka karanta daga farko har ƙarshe.