Kurakuran da ke sa a sha kaye a Punch-Out!! cikin burauza, da yadda za a gyara su

Kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da gem ɗin dambe mai suna Punch-Out!! a 1984 a matsayin injin tsaye wanda ake jefa wa kwabo kafin a buga, kuma a yau ana iya buga shi a cikin burauza ta hanyar manhajar kwaikwayo, wadda ke sa kwamfuta ta yi aiki kamar tsohon injin. Matasa da dama a Jos, daga ɗaliban da ke zaune a Anguwan Rogo zuwa masu gyaran waya a Terminus, suna gwada shi sau biyu ko uku, a kayar da su, su yanke cewa gem ɗin ya yi wuya ko kuma ya lalace. Gem ɗin lafiyarsa ƙalau. Yawancin kayen daga abubuwan da ake iya gyarawa yake zuwa.

Na farko shi ne ɗora laifi a kan sabis. Da zarar shafin ya gama sauke gem ɗin, komai a cikin kwamfutarka yake gudana, don haka ƙara data ko canza layi ba zai rage nauyin da kake ji ba. Abin da ke jawo jinkiri tsakanin danna madanni da fitar naushi yana wani wuri: shafuka goma da aka bari a buɗe, ko bidiyon da ke tafiya a baya, ko kuma tsarin tanadin batir wanda ke rage ƙarfin kwamfuta da zarar an ɗauke wuta. Wannan na ƙarshen ya fi cutar da mutane ba tare da sun sani ba, domin mutum yana cikin wasa lami lafiya sai wuta ta tafi, hoton ya fara sarƙewa, shi kuwa ya zaci hannunsa ne ya mutu. An gina irin waɗannan gem ɗin a kan kusan hoto 60 a kowace daƙiƙa, kuma ɗan jinkirin da ido ba ya kamawa ya isa ya sa ka kauce bayan naushi ya riga ya sauka. A rufe sauran shafuka, a sa kwamfutar a caji ko a kashe tanadin batir, a kuma yi amfani da fad (abin riƙewa na buga gem) mai waya maimakon na Bluetooth. Wanda ya jona da talabijin ya duba saitin hoto ya zaɓi yanayin wasa.

Sai batun madannai. Idan shafin yana amfani da manhajar kwaikwayo mai suna MAME, a al'ada lamba 5 ce ke jefa kwabo, lamba 1 ke fara wasa, Ctrl da Alt da Space kuma su ne madannan naushi. Matsalar ita ce burauza ma tana da aiki da waɗannan: yatsa ya zame ya haɗa Ctrl da W, shafin ya rufe ana tsakiyar dambe. Madannin Tab yana buɗe saitin MAME, inda za a mayar da naushin hagu da na dama kan haruffa biyu masu maƙwabtaka, kamar Z da X. A kuma danna cikin hoton gem ɗin sau ɗaya kafin a fara, in ba haka ba kibiyoyi za su riƙa jan shafin sama da ƙasa, sauti ma ba zai tashi ba. Fad kuwa, burauza ba ta ganinsa sai an danna ɗaya daga madannansa.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a warware, wato haɗa na injin tsaye da Mike Tyson's Punch-Out!! wanda ya fito a NES, na'urar gem ta gida ta Nintendo, a 1987. A na NES ne ake da ɗan dambe Little Mac da kocinsa Doc Louis, da naushin tauraro, da zukatan da ke ƙarewa idan ka yi ta dukan iska. Na injin tsaye ba shi da waɗannan. Ɗan wasanka zanen koren layi ne wanda ake hango abokin karawa ta cikinsa, kuma injin na asali allo biyu gare shi, ɗaya bisa ɗaya, shi ya sa hoton ke fitowa dogo kuma ƙanƙane a kwamfutar tafi-da-gidanka. A buɗe shi ya cika allo, a zuba ido ga na ƙasa, domin nan damben yake.

Kuskuren da ya fi kowanne girma, wanda kuma ya fi ba ni takaici idan na ga ana yinsa, shi ne ruwan naushi ba ƙaƙƙautawa. Glass Joe, abokin karawa na farko, rago ne da gangan, kuma shi ke ɓata sababbin 'yan wasa, domin dukan kawo-wuƙa yana kayar da shi, sai mutum ya ɗauka haka za a ci gaba. Piston Hurricane da Bald Bull, abokan karawa na gaba, ba sa yafe wannan. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gidan dambe ya san cewa gwani yakan daɗe yana zagaye da garkuwarsa a miƙe, yana karanta kafaɗa da ƙafar abokin karawa, kafin ya saki hannun da ya ɗaure sau ɗaya ya yi kisa. Haka aka tsara wannan gem. Kafin abokin karawa ya kawo duka, farin idonsa yakan yi walƙiyar rawaya, kuma wannan ne lokacin kaucewa hagu ko dama, sannan a rama nan take kafin ya mayar da hannu. Mai kallon hannun kansa ba zai taɓa ganin wannan alamar ba, don haka a sa ido a fuskarsa.

Haka nan ana mantawa da tsaro. Tura sandar sarrafa wasa sama yana ɗaga hannuwa su kare fuska, naushi ma ya tafi fuska. Saukar da ita yana kare ciki, naushi ya tafi ciki. Idan abokin karawa ya rufe fuska a doki ciki, idan ya sauke hannu a koma sama. Kowane naushin da ya shiga yana cika ma'aunin KO, wato na bugun kayarwa, kowane dukan da ka sha yana rage shi, kuma sai ya cika babban madanni zai saki naushin da ke kayarwa. Mutane kan yi ɗokin sakinsa da zarar ya kunna, alhali yana da nauyin fita, abokin karawa ya tare ko ya riga su. A bari sai an ɗimauta shi da naushi biyu ko uku tukuna. Amma kada haƙurin ya zarce, domin agogo yana tafiya, kuma wanda lokaci ya ƙare masa bai gama da abokin karawarsa ba bai ci ba.

Shafukan da ke ɗauke da tsofaffin gem sukan cika da tallace-tallace masu kama da madannin saukewa. Gem ɗin burauza ba ya buƙatar a girka komai, saboda haka duk abin da ya nemi a sauke fayil ko a shigar da lambar waya, a rufe shi. Wanda ke da na'urar gem ta Nintendo Switch kuma yana son na halal wanda ba ya sarƙewa, an sake fitar da wannan na injin tsaye a jerin Arcade Archives a 2018.